Yadda tela mai 'ya'ya huɗu take samun lokacin zama da Ubangiji

Wata Lahadi cikin Disamba barci ya kwashe ni a coci, tun ana karatun farko ban farka ba sai da aka miƙe za a yi waƙar baiko. A layin 'yan zumuntar mata nake zaune, sanye da ankon da ni na ɗinka wa kusan rabin layin, idanuna sun yi ja don sai ƙarfe biyun dare na sauka daga kan keke. Da aka tashi, wata tsohuwa a cikinmu, wadda duk muke kira Mama, ta riƙe hannuna a bakin ƙofa ta ce, "'Yata, yaushe rabonki da ki zauna ke da Ubangijinki, babu kowa?"

Na ce, "Haba Mama, ai kullum ina coci. Talata zumunta, Alhamis koyon waƙa, Asabar shara."

Ta ce, "Ba wannan na tambaye ki ba."

Ta saki hannuna ta wuce abinta. Ni kuwa har na isa gida ina lissafi, na kasa tuno ranar ƙarshe da na buɗe Littafi Mai Tsarki ba don an ce in yi karatu a gaban taro ba. Shekara shida ke nan da wannan magana. A Wusasa nake zaune, shagona yana Tudun Wadan Zariya, ina da yara huɗu da 'yan koyo biyu, maigidana kuma malamin makaranta ne da ke fita tun bakwai saura. Abin da zan rubuta a nan shi ne abin da na gwada ya yi mini aiki, har da wuraren da na yi ɓarna. Da mata 'yan'uwana nake magana, maza sai ku mayar da "ki" ta koma "ka".

Ki daina jiran ragowa

Duk tela ya san abu ɗaya. In aka kawo maka atamfa yadi shida aka ce a fitar da riga da zane da ɗankwali, ba ka cewa bari in gama sauran in ga abin da ya rage wa ɗankwalin. Tun kafin almakashi ya taɓa yadin kake ware shi. Abin da ke raguwa bayan yanka sunansa ƙyalle, ko hankici ba ya isa.

Shekaru na yi ina cewa in na gama aiki zan zauna in yi bimbini a kan Maganar Allah. Aikin tela kuwa ba ya ƙarewa, na uwa ma haka. Saboda haka mataki na farko shi ne ki ware lokacin tun daga kan yadi, kuma ki ware ɗan kaɗan. Ni da minti goma sha biyar na fara. Na taɓa ɗaukar alkawarin awa guda kowace safiya bayan wani taron farkawa da ya motsa ni, kwana huɗu na yi na watsar, kunyar watsarwar kuma ta hana ni komawa har wata biyu. Minti goma sha biyar da za ki riƙe har ƙarshen shekara ya fi awa gudan da zai mutu kafin Lahadi.

Kafin ki zaɓi lokacin, ki yi kwana uku kina lura da yininki. Ni a bayan littafin awo na rubuta nawa: ƙarfe kaza na tashi, ƙarfe kaza na ɗora ruwa, da sauransu. Na yi zaton zan tarar babu ko kafar allura. Sai ga shi na tarar kowace safiya ina kwance da waya a hannu wajen minti ashirin, ina duba WhatsApp na zumunta da na dangi da na tsofaffin 'yan makarantarmu, rabin saƙonnin ma ayoyi ne da furanni da "Amin" ɗari. Ina karanta ayoyin da wasu suka turo, ina jin kamar na yi ibada, alhali ko ɗaya ba ta kwana a zuciyata.

Ki ɗaure shi a jikin abin da ba ya tashi

Ƙararrawar waya ba ta yi mini aiki ba, hannuna ya iya kashe ta ba tare da na farka ba. Abin da ya yi aiki shi ne kiran sallar asuba daga masallacin da ke ƙetaren hanya. Wannan kira ba ya fashi, damina ko rani, da wuta ko babu. Na ce wa kaina, in ladan ya iya barin bargonsa cikin sanyin Janairu na Zariya, ni da na ce Yesu ya fanshe ni ba ni da hujja. Yanzu da na ji shi nake sauko da ƙafa ƙasa, ba na tsayawa shawara da kaina, don shawarar asuba kullum bargo ne ke cin nasara.

Ke naki turken na iya zama daban. Wata 'yar'uwa mai aikin jinya da ke yin aikin dare ta ɗaure nata a jikin dawowa gida: ta yi wanka, ta zauna minti goma kafin ta kwanta. Mai shayarwa tana da shayarwar asuba, hannu ɗaya riƙe da jariri, ɗaya da Littafi. Direba yana da lokacin da yake jiran lodi a tasha. Manomi da damina ba shi da safiya, amma yana da hutun rana a gindin bishiya. Abin nema shi ne wani abu da ke faruwa kowace rana ko kin so ko kin ƙi, sai ki jingina zaman da shi.

Da sanyin safiya ake kama fara, shi ya sa ni na fi son asuba, kuma ina da abin dogaro. A Markus sura 1, da yamma bayan rana ta faɗi duk garin ya taru a bakin ƙofar gidan da Yesu yake, ya yi ta warkar da marasa lafiya. Aya ta 35 ta ce tun da sauran duhu ya tashi ya fita zuwa inda babu kowa ya yi addu'a. Wato ba bayan ya huta ya yi wannan tashin ba, bayan daren aiki ne. Kuma ba su bar shi ba, Siman da sauran suka bi sawunsa suka ce masa kowa na nemansa. Duk uwar da ta taɓa ɓuya a banɗaki don ta sami minti biyu, yara suna buga ƙofa, ta san wannan wuri.

Shirin asuba tun da dare ake yin sa. Kafin in kwanta nake ajiye Littafina da tocila da biro a kan kujera 'yar tsugune a madafa, in cika tukunya da ruwa, in fito da kayan makarantar yara. In ban yi haka ba, minti goma sha biyar ɗin a neman tocila da ashana zai ƙare. Madafa na zaɓa don dalili biyu: babu mai shigowa a wannan lokaci, kuma babu gado. Na gwada yin addu'a a durƙushe a bakin gado da kaina a kan katifa, abin da ya biyo baya ba sai na faɗa ba. Matiyu 6:6 ya ce ki shiga ɗakinki ki rufe ƙofa. Mu da muke mutum shida a ɗaki biyu, madafa ce ɗakin. Ina ɗora ruwan wankan yara, kafin ya tafasa na gama, tukunyar ce agogona.

Wayar kuma a ɗaki nake barin ta. In a waya kike karanta Littafi Mai Tsarki, ki kashe data tun da dare, in ba haka ba kina tsakiyar Zabura saƙon kwastoma zai faɗo yana tambayar ko kayanta sun yi.

Abin da nake yi a cikin minti goma sha biyar ɗin

Wannan ne wurin da mutane da yawa ke tsayawa. Sun tashi, sun zauna, sun buɗe Littafi duk inda ya buɗe, sun faɗa cikin jerin sunayen zuriya a Tarihi, sun rufe. Ki zaɓi littafi ɗaya ki bi shi a jere, don kada ki ɓata lokaci kowace safiya kina neman inda za ki karanta. Ni da Markus na fara, sura 16 ne kawai, labarinsa kuma da sauri yake tafiya. Ba sura guda nake karantawa ba, labari guda nake ɗauka, wani lokaci aya biyar, wani lokaci goma. Wata uku ya ɗauke ni. Wasu suna son Karin Magana don surorinsa 31 ne, kowace rana ta wata da tata. Yana da kyau, amma ni sura guda ta Karin Magana ta yi mini yawa, kamar a zuba mini goro kwando guda a ce in tauna kafin hantsi.

Ina karantawa sau biyu, da murya ƙasa-ƙasa, leɓena na motsi. In da ido kawai nake bi, idon na gudu a kan layi hankalina yana shago. Kuma da Hausa nake karantawa. Ina da na Turanci, kyautar aure ce, shi nake riƙewa in za mu taron da ake haɗuwa da wasu ƙabilu. Amma ranar da autana ya kwana da zazzaɓi ba da Turanci na yi wa Allah kuka ba. Mu 'yan Wusasa muna da ɗan alfahari a nan, don Likita Mila da ya zauna a ƙasar Zazzau yana cikin manyan waɗanda suka yi aikin fassarar da ta ba mu cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Kakata da tsohuwar fassarar nan ta haddace ayoyinta, har ta rasu ba ta yarda da sabuwar ba, tana cewa an rage mata gishiri. Ki karanta da harshen da kike faɗa da shi in ranki ya ɓaci, shi ne yake kaiwa ciki.

A karatu na biyu nakan nemi magana ɗaya da ta tsaya mini, wani lokaci kalma uku ce kawai. Ita nake kira guzuri. Sai in rufe Littafin in zauna da ita shiru, ina juya ta, ina tambayar kaina me take cewa a kan Yesu, kuma a ina za ta same ni yau, tsakanin gida da shago. Bimbini ke nan, ba wani abu mai wuyar suna ba. Kamar yadda akuya ke kwanciya a inuwa tana tuƙa ne, abin da ta riga ta ci take dawo da shi tana sake taunawa.

Shirun nan shi ne mafi wuya. Da kin yi shiru, duk abin da kika manta jiya zai zo gaishe ki: kuɗin makaranta, zif ɗin da ba ki saya ba, maganar da kishiyar ƙanwarki ta faɗa. Da farko nakan yi ta kokawa da su, in ƙare da jin haushin kaina. Yanzu ina ajiye 'yar takarda a gefe. In "sayo baƙin zare" ya faɗo mini, sai in rubuta shi in koma. Da zarar ya hau takarda sai ya daina damuna, don dama tsoron mantuwa ne ke sa shi ihu. Wanda kuma ya ƙi tafiya, ya dawo sau uku, na gane cewa shi ne abin da ya kamata in yi addu'a a kansa, sai in ɗauke shi in kai gaban Ubangiji yadda yake.

Daga nan sai addu'a, gajeriya, da bakina na yau da kullum. Na daina jero manyan kalmomin da nake yi a gaban zumunta, tunda babu mai ba ni maki a madafa. Na ƙarshe, in rubuta guzurin a saman shafin littafin awo na ranar. Duk sa'ad da na buɗe don duba ƙugun wata ko tsawon hannun wata, sai idona ya faɗa a kai.

Addu'ar iyali da muke yi da dare, yara na karanta aya bi da bi, babansu na bayani, abu ne mai kyau kuma ba ma fasawa. Sai dai ba ta maye gurbin wannan. A can ni mai tsaro ce, ido ɗaya a rufe, ɗaya a kan wanda ke tsungulin ƙaninsa.

Ƙyallayen ma suna da amfani

Na ce kada ki jira ragowa, amma ban ce ki zubar da ita ba. A shagona buhu guda nake tara ƙyalle, daga ciki ake yin matashin kai. Yini cike yake da irinsu: zaman keke napep daga Wusasa zuwa Tudun Wada, jiran gawayi ya kama a dutsen guga, layin ɗiban ruwa, lokacin da aka ɗauke wuta muna jiran a tayar da janareta. A irin waɗannan wurare nake ciro guzurin safe in sake juya shi. Ba sai kin rufe ido ba, ba sai kowa ya sani ba. Nehemiya yana tsaye gaban sarki da ƙoƙon sha a hannu, sarki ya tambaye shi me yake so, sura 2 aya 4 ta ce ya yi addu'a ga Allah na Sama sannan ya amsa. Tsakanin tambaya da amsa, numfashi nawa ne?

Aikin hannu da ba ya cin tunani shi ne abokin bimbini: kalmasa, ɗaura maɓalli, guga, tsintar shinkafa, wanke-wanke. Wata al'ada da na koya ita ce in yi wa mai kayan da ke hannuna addu'a. Tela na jin sirrin mutane fiye da yadda ake zato, don mace na tsaye ana auna ta bakinta ke buɗewa. Wannan rigar ta mai neman haihuwa ce shekara bakwai, wancan leshin na amaryar da ke tsoron gidan da za ta shiga ne. Yawancin kwastomomina Musulmi ne, kayan Sallarsu ma haka nake yi musu, ina kalmasa ina roƙon Allah ya sa su saka da lafiya.

Amma a kula, taura biyu ba ta taunuwa. Akwai aikin da ke son hankalinki duka, a ba shi. Na taɓa tsayawa yanka wata shadda mai tsada ina can ina juya wata aya daga Ishaya, na yanka hannun riga biyu duk na gefe ɗaya. Da kuɗina na biya, kuma ban ga alamar Ishaya ya ji daɗin abin ba. Lokacin yanka, yanka kawai nake yi, yin aikin mutane da kyau shi ma bauta ne.

Wani tarko kuma shi ne hayaniya mai kama da ibada. Akwai shekarar da tun safe har yamma wa'azi ko waƙoƙin bishara ke tashi a shagona. Na ɗauka ina cika zuciyata ne, ashe toshe ta nake yi, don babu gurbin da zan ji abin da ke cikinta. Yanzu ina kashe komai na wani lokaci bayan hantsi, sai ƙarar keke kawai. 'Yan koyona sun yi ta gunaguni da farko.

Da azahar maƙwabtana na layin shaguna sukan janyo ƙofa su tafi masallaci, ko da kwastoma na tsaye. Ba wanda ke jin haushi, kowa ya san lokacin salla ne. Wannan ya daɗe yana ba ni kunya, ni da ba na iya ɗaga ƙafa daga keke na minti biyu. Daniyel yana riƙe da babban muƙami a Babila, amma sau uku a rana yake durƙusawa a gaban tagarsa, sura 6 aya 10. Yanzu in suka tafi, nakan tsayar da keke, in ajiye hannuwana a cinya, in karanta guzurin, in ce na gode. Minti biyu ne ko uku.

Dare, da abin da ya tono mini

Da dare ba na karatu, kaina ba ya ɗauka. Bayan addu'ar iyali, kafin in kwanta, nakan zauna a bakin gado, a zaune dai, in bi yinin daga safe zuwa yanzu kamar mai bin ɗinki yana neman inda zare ya tsinke. Ina na ga alherin Allah yau? Wa na ɓata wa? Zabura 4:4 ta yi maganar yin tunani a zuci a kan gado a yi shiru. Minti biyar ya isa.

A nan ne abin ya zo mini ta inda ban zata ba. Da na fara wannan bin yini, kusan kowane dare abu ɗaya nake tararwa: na ce wa wata "gobe ki zo, in Allah ya yarda" alhali na san ko yanka kayanta ban yi ba. Ƙaryar tela har karin magana ta zama a gari, mu kuma mun mayar da ita kamar wani ɓangare na sana'a. Ni ban taɓa lissafa ta cikin zunubi ba. Amma in kina furta abu ɗaya a gaban Ubangiji dare goma a jere, dole ɗaya ya faru, ko ki daina zaman ko ki daina abin. Ga kuma Matiyu 5:37 da ke cewa i ɗinku ya zama i, a'a ya zama a'a. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda nake jingina sunan Allah a jikin alkawarin da na san ba zan cika ba.

Da na bi ƙaryar zuwa gindinta, sai na tarar kwaɗayi ne da tsoro. Ina karɓar aikin da ya fi ƙarfin mutum uku don kada kwastoma ta koma shagon gaba. Shi ke sa ni kwana a kan keke, shi ke sa ni ƙarya, shi ke sa ni yi wa yara tsawa, shi ne kuma ya cinye lokacin da nake cewa ba ni da shi. Na zauna na ƙirga kaya nawa muke iya gamawa a mako ba tare da aikin dare ba, na rubuta adadin a bangon littafin awo. In ya cika, sai in ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, sai mako na sama, in kuma da sauri kike so ga wance can ta iya." Ranar da na fara faɗin haka sai da gabana ya faɗi. Wasu sun tafi ba su dawo ba, kuɗin shiga ya ragu a watannin farko, har muka yi 'yar muhawara da maigidana a kan kuɗin makaranta. Daga baya wasu suka riƙa zuwa musamman don an ce musu a shagon nan in an ce Laraba, Laraba ce.

Saboda haka in kin gwada duk dabarun da ke sama lokaci ya ƙi samuwa, ki duba ko akwai abin da kike ɗauka da ba naki ba. Ba kowa ke da zaɓi ba, na sani. Mai aiki a ƙarƙashin wani ba ita ke yanka wa kanta awoyi ba, gwauruwa mai ciyar da yara biyar ba za ta mayar da ciniki ba. Amma da yawanmu muna da wani abu guda da za mu iya ajiyewa. Kuma tashin asuba da kwanciyar wuri tare suke tafiya. Zabura 127:2 ta ce banza ne a yi ta sammako ana kwana a makare ana cin abincin wahala, gama shi yana ba ƙaunataccensa barci. Wadda ta kwanta ƙarfe ɗaya ta tashi biyar, gyangyaɗi za ta yi wa Allah.

Hidimar coci ma tana cinye shi

Wannan sai an yi haƙuri da ni. A ikkilisiyoyinmu, mace in ta nuna tana da hannu, sai a ɗora mata zumunta, da mawaƙa, da makarantar Lahadi, da kwamitin girki, da ziyarar marasa lafiya. Lahadi takan zama ranar da ta fi kowace gajiya. Marta ma ai Yesu take yi wa hidima a Luka sura 10, ba wani ba, amma 'yar'uwarta Maryamu da ta zauna tana saurare ita aka ce ta zaɓi rabo mai kyau. Na ajiye ƙungiyar mawaƙa. Na je na sami shugabar na ce, "Mama, ina neman izini in huta, ina so in gyara zamana da Ubangiji." Ta dube ni kamar na ce zan bar addinin, amma ta bari. Yesu da kansa, a Markus 6:31, da ya ga masu zuwa da tafiya sun hana almajiransa ko cin abinci, cewa ya yi su zo su keɓe su ɗan huta.

Yammacin Lahadi, bayan an ci abinci yara sun fita wasa, ina ɗaukar kamar awa guda. Nan nake komawa kan guzurin mako duka a littafin awo, in ga ko akwai zaren da ya haɗa su. Wani lokaci in taka a ƙafa ta wajen dutsen Kufena, kamar yadda Ishaku ya fita saura da yamma yana tunani a Farawa 24:63. Lokacin azumin kwana 40 kuma, daga Larabar Toka zuwa Ista, nakan ƙara wa zaman asuba minti goma, tunda babu karin kumallon da zan yi wa kaina.

In ya tsinke

Zai tsinke. Yaro zai yi ciwo, baƙi za su sauka, a yi rasuwa a dangi, ko kawai ki yi kwana tara ba ki san yadda aka yi ba. Kada ki ce za ki rama. Na taɓa bin wani tsarin karatu na shekara, na yi fashin mako biyu, na ga surori arba'in na jira na, sai na rufe gaba ɗaya. Ki buɗe inda kika tsaya ki ci gaba, kamar yadda in zare ya tsinke ake sake zura shi a ci gaba daga wurin. A ranar da babu hali sam, Zabura 117 aya biyu ce kacal, ana karanta ta kafin shayi ya huce. Akwai kuma addu'ar mai karɓar haraji a Luka 18:13, ya Allah ka yi mini jinƙai ni mai zunubi, wadda na sha yi a cikin keke napep.

Akwai kuma safiyar da za ki zauna ki karanta ki yi shiru, ki tashi ba ki ji komai ba, kamar kin tauna ɓawon gyaɗa. Nawa irin waɗannan sun fi masu daɗin yawa. Da na kai wa Mama ƙara, cewa ta yi, "Tuwon da kika ci ranar Talatar makon jiya, kin tuna daɗinsa? Amma ai shi ya kawo ki yau."

Ki sami mutum ɗaya mai tambayarki. Ba ƙungiya ba, ba sabon zauren WhatsApp ba, mutum ɗaya. Ni Mama ce, har yanzu in mun haɗu a bakin ƙofar coci takan ce, "'Yata, me aka ba ki a makon nan?" Sanin cewa za ta tambaya ya sha fitar da ni daga bargo.

Disamba har yanzu shi ne watan gwajina, ga kayan Kirsimeti, ga bukukuwan aure, ga anko. Yanzu ranar 5 ga wata nake rufe karɓar ɗinki, na rubuta da alli a jikin ƙofar shago. Bara wata tsohuwar kwastomata ta zo ranar 9 da leshi a leda, ta yi roƙo, ta yi fushi, ta ce za ta ninka kuɗin. Na raka ta har shagon wata da ta yi koyo a hannuna, na tsaya aka auna ta, na dawo na ci gaba da kalmasar da na bari.